Yawon buɗe ido a Antwerp: tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi da amsoshinsu

Yawancin mutanenmu a takardar mota suka san sunan Antwerp, wato garin da aka loda motar a jirgin ruwa kafin ta sauka Kwatano ko Legas. To yanzu da ake samun masu zuwa Beljiyam sayen mota, da ɗalibai, da masu ziyarar dangi, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta maimaituwa, me ake gani a garin, ta ina ake farawa, ina za a ci abinci, ina za a yi sallah. Gasu nan wuri guda, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai an ɗan zauna.

Wai ina ne Antwerp ɗin, a bakin teku take?

A arewacin Beljiyam take, yankin da ake kira Flanders, dab da iyakar Holan. Ba a bakin teku take ba fa, a bakin wani kogi take mai suna Schelde, tsakaninta da teku kusan kilomita 80 ne. Amma kogin yana da faɗi da zurfi, kuma ruwan teku na shigowa cikinsa, shi ya sa in ka tsaya a gaɓa da safe ka dawo da rana za ka ga ruwan ya hau ko ya sauka sosai. Manyan jirage ta nan suke bi su shigo, kuma tashar jiragen ruwanta ita ce ta biyu a girma a Turai bayan ta Rotterdam. Mutanen garin sun ɗan haura rabin miliyan.

A kula da suna wajen sayen tikiti. Masu garin Antwerpen suke cewa, da Faransanci kuma Anvers ne, duk gari ɗaya ne, kar ɗan uwa daga Maraɗi ko Damagaram ya tsaya yana neman Anvers a allo alhali Antwerpen aka rubuta.

Daga Brussels yaya ake zuwa, jirgin ƙasa ko mota?

Jirgin ƙasa, ba ma sai an yi shawara ba. Daga tsakiyar Brussels minti 40 zuwa 50 ne kuma jiragen ba sa yankewa, daga filin jirgin sama na Zaventem ma akwai wanda ke zuwa kai tsaye cikin kamar rabin awa. Ka sauka a Antwerpen-Centraal, kar ka yi sauri ka sauka a Berchem don ka ga an rubuta Antwerpen a gaban sunan, wannan tasha ce ta gefen gari.

Mota kam ban ba kowa shawara ba, musamman wanda ya sayo tsohuwar mota mai dizal a Brussels yana son ya ɗan zaga da ita kafin a loda. Tun 2017 aka hana motoci masu hayaƙi da yawa shiga tsakiyar garin, kyamara ce ke ɗaukar lamba, babu ɗan sandan da zai tsayar da kai ku yi magana, tara ce kawai za ta biyo wanda sunansa ke kan takardun. Ga kuɗin fakin mai tsada. A cikin gari akwai tiram da bas na kamfanin De Lijn, kuma ba a biyan direba tsabar kuɗi, da katin banki ko waya ko tikitin da aka saya tun a ƙasa ake shiga.

Kwana ɗaya ya isa?

Ya isa a ga tsohon gari in an fito da wuri. Hanyar ma a miƙe take, ka fito daga tasha ka nufi yamma, ka bi titin Meir inda shaguna suke, ka ɓulla filin Groenplaats, ka wuce babbar majami'a, sai babban filin Grote Markt, sai bakin kogi wajen tsohon ginin nan Het Steen, daga nan ka bi gaɓa ka yi arewa zuwa gidan tarihi na MAS. Daga tasha zuwa kogi bai fi tafiyar rabin awa ba in ba a tsaye-tsaye, amma za a tsaya. In kana son shiga gidajen tarihi ka nutsu a ciki sai kwana biyu.

Kar ka zaɓi Litinin, yawancin gidajen tarihi a rufe suke ranar. Lahadi kuma shaguna ne ke rufewa in ban da Lahadin farkon wata, don haka mai niyyar tsaraba ya lissafa.

Me ya sa kowa ke ɗaukar hoto a tashar jirgin ƙasa?

Saboda ita kanta abin kallo ce. An gina ta tsakanin 1895 da 1905 zamanin Sarki Leopold na Biyu, wanda ya zana ginin sunansa Louis Delacenserie. In jirginka ya tsaya a ƙasa, kar ka yi waje ta ƙofar kusa, ka bi matakalan nan masu tafiya da kansu ka yi ta hawa bene bayan bene, jirage a hawa uku suke tsayawa wani a saman wani, har ka iso ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfa ta ƙarfe da gilashi da babban agogo a gabanka. Ka ratsa ƙofar da ke ƙasan agogon sai ga ka a kan wata matakalar marmara kana kallon zauren da ƙubba ta rufe, duwatsu kala-kala, ruwan zinare a jikin bango, mutane can ƙasa suna ta sauri babu mai ɗaga kai sai baƙo. Hawan ƙasan nan sababbi ne, a 2007 aka buɗe ramin da ya ba jirage damar wucewa ta ƙarƙashin gari zuwa Holan, da can sai dai jirgi ya shigo ya juya da baya.

Gidan namun daji yana manne da tashar, tun 1843 yake nan, in da yara aka zo. Unguwar lu'ulu'u ma nan take a gefe, duba amsarta a ƙasa.

Mutum-mutumin nan da ke jefa yankakken hannu a tsakiyar fili, mene ne labarinsa?

A Grote Markt yake, gaban ginin hukumar gari, an kafa shi a 1887. Tatsuniya ce. Wai a da akwai wani basamude mai suna Antigoon da ya tare kogin yana karɓar kuɗin fito a hannun masu jirage, duk wanda ya ƙi biya sai ya sare masa hannu ya wurga a ruwa, har wani sojan Rum mai suna Brabo ya zo ya kashe shi, ya sare nasa hannun shi ma ya jefa a kogin. Shi ya sa hannu ya zama tambarin garin, za ka gan shi a tuta, a jikin gine-gine, a biskit da cakulan. Tatsuniya ce amma ba a banza aka kafa gunkin a lokacin ba, domin garin ya daɗe yana shan wahalar masu tare masa kogi na gaske, in ka karanta amsar tarihin garin za ka gane.

Ginin hukumar gari an yi shi tsakanin 1561 da 1565. Dogayen gidajen nan masu tsinin kai da gumakan zinare a samansu kuwa na ƙungiyoyin masu sana'a ne, kamar dai yadda muke da sarkin fawa da sarkin maƙera kowa da jama'arsa, to nan kowace sana'a gidanta ta gina tana gasa da maƙwabciya. Da yawansu an sake gina su ne a ƙarni na 19 bisa tsohon fasali, ba su kai tsufan da ido ke nunawa ba. Na mahauta ma ba a filin yake ba, yana 'yan taku kaɗan ta wajen kogi, sunansa Vleeshuis, an gama shi a 1504, jan bulo da farin dutse layi-layi.

Na ji ance cakulan mai siffar hannu yana da alaƙa da hannayen da aka sare a Kwango. Gaskiya ne?

Tatsuniyar Brabo ta girmi mulkin mallakar Kwango da ɗaruruwan shekaru, biskit ɗin kuma wani mai gidan burodi ne ya ƙirƙiro shi a 1934 don tunawa da tatsuniyar. To ta wannan fuskar ba don Kwango aka yi shi ba. Amma wanda ya ce abin ya tsaya masa a rai ban ga laifinsa ba, don alaƙar Antwerp da Kwango ba ƙarama ba ce. Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakin Leopold na Biyu ce shi kaɗai, roba da hauren giwar da aka tilasta wa mutane tarawa, har ana sare hannaye, a wannan tashar ake sauke su. Wani ma'aikacin kamfanin jiragen ruwa na Ingila mai suna Edmund Morel a nan bakin kogin ya lura cewa jirage na zuwa maƙare da roba da haure amma in za su koma bindigogi da harsasai suke ɗauka, babu kayan ciniki, ya gane ba saye ake yi ba ƙwace ne, daga nan ya fara fallasa abin a duniya. A bikin baje kolin da aka yi a garin a 1894 ma an kawo 'yan Kwango aka ajiye su ana kallo, wasu a nan suka mutu.

Su ma masu garin yanzu suna maganar, a 2020 an cire wani mutum-mutumin Leopold a unguwar Ekeren bayan zanga-zanga. Sayen cakulan ɗin kam ya rage naka, sai dai ka duba amsar abinci tukuna don wasunsu da giya a ciki.

Babbar majami'ar nan, ana barin Musulmi ya shiga?

Babu mai tambayarka addininka a ƙofa, tikiti ake saya kamar gidan tarihi in ba lokacin ibadarsu ba ne. Ko ya dace ka shiga ko bai dace ba wannan tsakaninka da malaminka ne, amma ka san abin da ke ciki, akwai manyan zane-zane guda huɗu na shahararren mai zanen nan Rubens, biyu daga ciki suna nuna gicciye bisa aƙidar Kirista, ga gumaka ko'ina. Wasu 'yan uwa suna shiga don ginin, wasu kuma daga waje suke tsayawa, kuma daga wajen ma an ga abu.

An fara ginin a 1352 ba a gama ba sai 1521, wato kusan shekara 170, waɗanda suka haƙa tushe ko jikokinsu ba su ga ƙarshensa ba. Hasumiyar tsayinta mita 123, duk inda ka ɓata a tsohon gari ɗaga kai ka neme ta. In ka tsaya a gaban ƙofar za ka ga an yi niyyar hasumiya biyu ne, ta dama ta tsaya a rabi aka yi mata hula aka bar ta haka har yau. Ta sha wuya kuma, gobara a 1533, masu fasa gumaka a 1566, sannan Faransawa suka kwashe kayan ciki a ƙarshen ƙarni na 18 har zanen Rubens suka kai Faris, sai bayan faɗuwar Napoleon aka dawo da su.

Me ya sa garin ya yi arziki haka, kuma me ya karya shi?

Kogin ne duka biyun. A ƙarshen ƙarni na 15 hanyar ruwan garin Bruges ta cike da yashi, fatake suka tattaro suka dawo Antwerp. Turawan Fotugal suna kawo barkono da kayan yaji daga Indiya, Ingilishi suna kawo yadi, Jamusawa suna kawo azurfa da tagulla, a nan ake haɗuwa. Har mundayen tagullar da 'yan Fotugal ke kaiwa gaɓar Afirka ta Yamma suna ciniki da su, irin su masarautar Benin, da yawa ta nan suka bi. A 1531 aka gina wa 'yan kasuwa gidan hada-hada na musamman, Handelsbeurs, wanda daga baya Landan ta kwaikwaya. Wanda ke nan yanzu na 1872 ne don tsohon ya ƙone, yana ɓoye a wani lungu bayan Meir, in babu taro a ciki a leƙa. Wajen 1560 mutanen garin sun kai dubu 100, a Turai ta lokacin wannan babban birni ne ƙwarai.

Sai rikicin addini da yaƙi da Sifen suka shigo. A 1576 sojojin Sifen da aka daɗe ba a biya su albashi ba suka afka wa garin suka yi kwanaki suna kisa da wawaso, dubbai suka mutu, ginin hukumar gari ma ya ƙone. A 1585 garin ya faɗa hannun Sifen bayan doguwar kewaye, aka ba 'yan Furotesta wa'adi su tuba ko su fita, su kuma 'yan Holan da ke riƙe da bakin kogin suka toshe shi. Shikenan. 'Yan kasuwa da masu sana'a suka kwashe jari suka koma Amsterdam, cikin 'yan shekaru garin ya rasa fiye da rabin mutanensa, arzikin da Amsterdam ta yi bayan nan da yawansa na 'yan Antwerp ne.

Kogin ya zauna a toshe kusan shekara 200, sai da Faransawa suka zo aka buɗe, Napoleon ya sa aka haƙa matsayar jirage da har yau ake kiran ɗaya Bonapartedok, nan gefen MAS. Bayan Beljiyam ta samu 'yanci a 1830 Holan ta riƙa karɓar kuɗin fito a kan kowane jirgi, sai a 1863 aka biya ta dunƙule aka rabu.

In wuri ɗaya kawai zan biya kuɗi in shiga, wanne ne?

Plantin-Moretus, a filin Vrijdagmarkt. Na san wani zai ce zanen Rubens, ni dai wannan ne nawa. Gida ne kuma maɗaba'a ta wani Bafaranshe, Christophe Plantin, wanda ya fara buga littattafai a 1555, surukinsa Jan Moretus ya gada, zuri'arsu suka riƙe wurin kusan shekara 300 har suka sayar wa hukumar gari a 1876 da komai da komai a ciki. Shi ya sa ba kamar sauran gidajen tarihi yake ba da ake tattaro kaya daga wurare a jera a gilashi, nan kowane abu yana inda masu shi suka bar shi. Tun 2005 yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO.

Katakon ƙasa yana ƙara duk taku. A ɗakin aiki za ka ga injinan katako a jere, biyu daga cikinsu su ne mafi tsufa da suka rage a duniya, na wajen shekarar 1600, a ɗaya gefen kuma akwatuna masu ƙananan gurabe cike da haruffan darma, kowane harafi da gurbinsa, haka ma'aikaci zai riƙa tsinto su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a juye har shafi ya cika, a shafa tawada, a danna, a zare takarda, sannan a warware haruffan a mayar da kowanne gidansa. Akwai ɗakin masu gyaran kuskure da teburinsu a jikin taga saboda haske, akwai shagon sayar da littattafan, akwai ɗakunan da aka lulluɓe bangonsu da fata mai ruwan zinare, ga tsakar gida da lambu inda za ka zauna ka huta. A nan aka buga Baibul mai harsuna biyar cikin mujalladi takwas, aikin da aka fara a 1568.

Abin da ya shafe mu kai tsaye, littafin matafiyin nan Hasan al-Wazzan da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda ya ba da labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas, an buga shi a Antwerp a 1556 da Latin da Faransanci, na Faransancin Plantin ne ya buga. Littafin taswirar duniya na Abraham Ortelius ma a garin ya fito a 1570. In ka ci karo da tsohuwar taswirar Afirka a ciki ka matsa kusa ka nemi Cano da Zanfara, haka suke rubuta su a wancan zamanin. Ranar Juma'a da safe kuma ana gwanjon tsofaffin kayan ɗaki a filin da ke ƙofar gidan.

Het Steen fa, ya cancanci tsayawa?

Na minti ashirin, eh. Shi ne gini mafi tsufa a garin, guntun wata tsohuwar ganuwa ce ta farkon ƙarni na 13, an gyara shi wajen 1520 zamanin Sarki Charles na Biyar, in ka duba bango za ka ga dutsen ƙasa ya fi na sama duhu, nan ne tsoho ya tsaya sabo ya hau. Ya yi ɗaruruwan shekaru yana kurkuku. Unguwar da ke kewaye da shi an rushe ta a shekarun 1880 da aka miƙar da gaɓar kogi don jirage, shi ya sa yake tsaye shi kaɗai. Yanzu ofishin baƙi ne, ana samun taswira da bayani, kuma ana hawa samansa a ga kogi.

Ance akwai hanya ta ƙarƙashin kogi da ake bi da ƙafa?

Akwai, Sint-Annatunnel, kuma kyauta ce. Babu gada a tsakiyar garin saboda jirage, sai aka haƙa rami a 1933, tsawonsa mita 572, zurfinsa ya haura mita 30. Ƙofar tana cikin wani ɗan gini mai ruwan ɗorawa a filin Sint-Jansvliet, in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Matakalan da ke sauka da kai na katako ne, na asali tun wancan lokacin, suna tafiya suna ƙwaram ƙwaram, a ƙasa kuma rami ne miƙaƙƙe da farin tayil ba ka hango ƙarshensa sosai, ga sanyi ko da rani. Ka kama gefe don masu keke ma ta nan suke bi.

In ka fita a ɗaya gaɓar ka juyo, nan ne hoton garin yake, hasumiya da Steen da duk gaɓar a jere. Ka je dab da faɗuwar rana. Wajen dawowa in ƙafa ta gaji akwai ƙaramin jirgin fito da ke kai mutane wajen Steen, shi ma ba a biya.

Zan iya zuwa in ga inda ake loda motocinmu?

Da wuya. Tashar ta yanzu ta yi nisa da tsakiyar gari, ta miƙe arewa har iyakar Holan a gaɓa biyu na kogin, kuma wuraren lodi a killace suke sai mai izini, in kana da mota a ciki ta hannun ejan ɗinka za ka bi. Abin da baƙo zai iya shi ne ya hau jirgin ruwan haya da ake kira DeWaterbus daga wajen Steen ya yi arewa, ko jiragen da ke zagayawa da masu yawon buɗe ido, a hanya zai ga ƙugiyoyin ɗaga kwantena da manyan jiragen.

Mafi sauƙi shi ne hawa saman MAS, jan ginin nan mai hawa goma da aka buɗe a 2011, tsayinsa mita 60, dutsen daga Indiya aka kawo shi kuma an manna masa ƙananan hannaye na ƙarfe kusan dubu 3. Ɗakunan baje kayan tarihi ana biya, amma hawa har rufin kyauta ne, ta kudu ka ga tsohon gari, ta arewa ka ga tasha iya ganinka. Can za ka hango wani gini kamar jirgin gilashi an ɗora shi a kan tsohon ofishin 'yan kwana-kwana, hedikwatar hukumar tashar ce, Zaha Hadid haifaffiyar Bagadaza ce ta zana shi, an buɗe a 2016.

Mene ne Red Star Line da ake ta ambata?

Kamfanin jiragen ruwa ne da ya kwashi mutane kusan miliyan 2 daga nan zuwa Amurka da Kanada tsakanin 1873 da 1934, yawancinsu talakawan gabashin Turai da Yahudawa masu gudun tsangwama. Gidan tarihin yana cikin ainihin rumbunan da ake tantance fasinjojin aji na uku, a yi musu wanka, a turara kayansu don kashe ƙwarƙwata, likita ya buɗe ido ya duba, in aka ga ciwo a ce kai ba ka tafiya alhali iyalinka sun wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin biza ko yake da ɗan uwa da ya bi ta Agadas zai fahimci wurin nan ba sai an fassara masa ba. Tafiyar minti goma ce daga MAS.

Unguwar lu'ulu'u, ana samun araha?

A'a. Kuma gaskiya babu abin kallo sosai, 'yan tituna ne gajeru a gefen tasha, irin su Hoveniersstraat, da ofisoshi marasa kyan gani da kyamarori da shingaye. Cinikin gaske a benaye ake yinsa tsakanin dillalai masu rajista, Yahudawa da Indiyawa ne suka fi yawa, kuma shekara da shekaru yawancin ɗanyen lu'ulu'un duniya ta nan yake bi kafin Dubai ta taso tana ja da su. Shagunan da ke fuskantar titi na baƙi ne, wanda bai san kan abin ba kar ya zura kuɗinsa, in kuma dole ne to a nemi takardar shaida ta dutsen. Ranar Asabar yawancin wurin shiru yake. Mai son gani kawai ya je gidan tarihi na DIVA kusa da Grote Markt.

Gidan Rubens a buɗe yake?

Tun 2023 aka rufe ainihin gidan ana gyara kuma aikin na shekaru ne, lambun da sabon ginin baƙi ne ake shiga, a duba shafinsu kafin a je. Rubens ya rayu daga 1577 zuwa 1640, a Antwerp ya yi aikinsa kuma nan aka binne shi. Mai son ganin zanensa ba tare da shiga majami'a ba ya je gidan tarihin zane-zane na KMSKA a kudancin gari, wanda aka sake buɗewa a 2022 bayan shekara 11 a rufe. Sai dai a sani zanen Turawan wancan zamani akwai tsiraici da yawa, in da yara ko surukai ake tafe.

Abincin halal da wurin sallah fa?

Wannan ba matsala ba ce a Antwerp, Musulmi suna da yawa, galibi 'yan asalin Maroko da Turkiyya. Unguwar Borgerhout, musamman titin Turnhoutsebaan da ke bayan tasha, cike take da mahauta da gidajen abinci da na burodi na Larabawa, Turkawa kuma sun fi yawa ta wajen Brederodestraat. Shagunan 'yan Afirka suna kewayen De Coninckplein, arewa da tasha kaɗan. Masallatai yawanci gidaje ne ko shaguna da aka mayar, babu hasumiya babu kiran sallah a lasifika, sai ka duba a waya ko ka tambayi mai shago. A tsohon gari kam da wuya ka samu kusa, ka yi alwala ka shirya tun kafin ka gangara. Tun 2019 dokar Flanders ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, don haka mai tsanani a wannan ya tambayi mahauci daga ina namansa yake.

A gidajen abincin gari a kula da abu uku. Soyayyen dankalinsu da ake yabo a al'ada da kitsen shanu ake soya shi, a tambaya ko da man gyaɗa ne ko makamancinsa. Farfesun naman da suke kira stoofvlees da giya ake dafa shi. Cakulan kuma wasu akwai barasa a tsakiya, ciki har da wasu masu siffar hannun nan, biskit ɗin shi ya fi sauƙi. 'Yan uwa mata, hijabi babu mai hana ki a titi, amma niƙabi doka ta hana a duk Beljiyam tun 2011.

Faransanci zai yi min aiki?

Zai yi amma ba shi za ka fara da shi ba. Yaren garin Dac ne, wato harshen Holan, irin na Flanders, kuma akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsu da masu Faransanci na kudancin ƙasar, wani ya iya sarai amma sai ya amsa maka da Turanci. In kana da Turanci ko kaɗan ne fara da shi. In Faransancin kaɗai gare ka to ka gaisa ka tambaya ko yana ji, in suka gane baƙo ne kai ba ɗan Brussels ba sukan sake. A Borgerhout kam Faransanci da Larabci duk suna tafiya.

Wane lokaci ya fi, kuma me zan sa?

Daga Mayu zuwa Satumba. Ruwa babu ruwansa da damina ko rani, kowane wata yana iya sauka, ka riƙe lema da rigar sanyi ko da Yuli ne don iskar bakin kogi ba ta da kirki. Takalmi mai taushi, tsohon gari duk daɓen duwatsu ne, mai tsini ko silifas za a sha wuya. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, a Disamba kuwa kafin biyar an yi magariba, sai a daidaita lokutan sallah da yawo. Ka riƙe 'yan sulalla don banɗaki, yawanci biya ake yi.

Antwerp ko Bruges ko Ghent, in ɗaya kawai zan iya?

Bruges ta fi kyau a hoto, magudanan ruwa da gadoji da komai tsaf, amma 'yan yawon buɗe ido sun cika ta kuma abincin halal sai an nema. Ghent tana tsakiya, garin ɗalibai ne, tana da tsohuwar fada mai ganuwa a tsakiyar gari. Antwerp gari ne da ke kan aikinsa, tsohon gini kusa da sabo, wani wurin ma ba kyau don ta sha rokokin Jamus a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ɗaya ya faɗa kan silima ta Rex a Disamban 1944 ya kashe mutum 567. Mai zuwa da iyali don hoto ya tafi Bruges. Ɗan kasuwa kuma Antwerp zan tura shi, in ya samu rarar awa biyu ya hau tiram ko ya sauka a tashar Berchem ɗin nan da nace kar a sauka, ya taka titin Cogels-Osylei ya ga irin gidajen da attajiran garin suka gina wajen 1900 lokacin da kogin ya sake kawo kuɗi, kowa da fasalin da ya ga dama.